Ciyawar da Aka Shuka a Garkar Yayata

Garkar yayata tana bayan gari a kan hanyar Safo, jingine da wani tsohon sito da aka taɓa ajiye maganin fara a ciki tun muna yara. Rufin ya daɗe da ruftawa. Gangunan maganin suka yi tsatsa suka ɓule, kowace damina ruwa ya wanke abin da ke ciki ya kai shi ƙasa. Mun saba da warin har mun daina jin sa. Yaya ce ta fara cewa ruwan rijiyarta na ɗaure mata harshe, albasar da ke kusa da katangar siton kuma ta daina yin kai. Mijinta ya rasu. Garkar nan da awaki bakwai su ne duk abin da take riƙe kanta da su.

Ni a lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Madarunfa. Wata rana mutanen wani furoje, irin ayyukan nan na raya karkara, suka iso da farar mota, suna neman mai juya musu magana daga Faransanci, aka nuna ni. Sun ce sun zo da sabuwar dabara ta wanke ƙasa da ruwa. Suka kwashe gangunan. Suka kafa tanki uku a bakin rijiya, cike da yashi da wani irin gawayi da suka zo da shi a buhuna, ruwa ya bi ta ciki ya fito garau. A cikin garkar kuma suka shuka wata ciyawa mai dogon saiwa, wadda suka ce tana tsotse guba daga ƙasa.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin. An ba ni hula da riga mai tambari. Na zaga ƙauyuka har Gabi da lasifika a hannu ina yabon tankin da ciyawar, kamar ni na ƙirƙiro su.

Ana gobe za a yi bikin buɗewa, injiniyansu, wani saurayi mai yawan shiru, ya ja ni gefe, ya kira ni Mushe, yadda kowa ke kiran malamin lakwal.

"Mushe, ka gaya musu kada dabba ta ci ciyawar nan. Gubar da ta tsotsa a ganyenta take taruwa. Mu za mu zo mu yanke, mu tafi da ita."

Shugaban furojen yana kusa, ya ji. Ya dafa kafaɗata yana murmushi.

"Bar wannan tukuna, Mushe. Gobe manyan baƙi za su zo. In ka ambaci guba, kafin la'asar an tumɓuke ta. Bari ta yi girma, sai mu yi musu bayani a tsanake."

Na ce to. Ba wanda ya tilasta ni. To kawai na ce.

Washegari aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna. Na ɗebi ruwan tankin a moɗa na sha a gaban jama'a, aka tafa. Yaya tana tsaye cikin mata, tana kallona da alfahari.

Bayan girbi motar ta rage zuwa, daga baya ta daina. Aka ce wa'adin furojen ya cika. Ni kuma aka mayar da ni wata lakwal can wajen Ɗan Issa. Maganar injiniyan takan faɗo mini a rai, sai in ce ai za su zo su yanke, ko in ce ranar Juma'a zan je in gaya mata. Juma'a nawa ta wuce, ban ƙirga ba.

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Harawa ta ƙare, karan dawa ma sai mai hali. Ciyawar kuwa tana nan shar a tsakiyar garka, ta kai ƙugun mutum. Yaya ta sa lauje ta yanka wa awakinta, ta ba maƙwabciyarta dami biyu don alheri.

Da saƙo ya same ni na zo, na tarar biyar sun mutu, sauran biyun suna kwance suna kumfar baki. Maƙwabciyar ta rasa tunkiyarta mai ciki, tana ta faɗa a bakin ƙofa. Yaya na zaune a kan turmi, hannunta a cinya.

"Ɗan'uwa, kai da ka ji yarensu, ba su ce komai ba a kan ciyawar nan?"

Da na yi ƙarya, da ta yarda. Na durƙusa na gaya mata duka, har da dafa kafaɗar.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Su ai baƙi ne." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Na je Maraɗi neman ofishinsu, na tarar ana sayar da kayan salula a wurin. Da ƙyar na samu lambar injiniyan. Ya yi salati, ya ce kuɗin yankan ciyawar ba su fito ba, shi ma an sallame shi. Ya ƙara da cewa gawayin tankin wata shida yake aiki, bayan haka ba ya tace komai. Lokacin an fi shekara ana shan ruwan.

Ni na koma na tara mutane a bakin rijiya, ba lasifika, na faɗa musu. Wani dattijo ya tambaye ni wane zancena za su ɗauka, na bara ko na yau. Muka rufe rijiyar da itace da ƙaya.

Yaya ta bar garkar, ta koma wajen ɗanta a Katsina. Ina zuwa gaishe ta kowace Sallah. Tana shimfiɗa mini tabarma, ta kawo tuwo, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Amma ta daina ce mini ɗan'uwa. Mushe take ce mini, kamar kowa.