Malam Isyaku da Neman Ƙarshen Alƙahira

Tun da aka kafa birnin Alƙahira, sarakuna sun ci shi da yaƙi, malamai sun cika shi da littattafai, attajirai sun saye shi sun sayar, amma a iya sanina mutum ɗaya ne ya taɓa ɗaura ɗamarar gano inda birnin ya ƙare. Wannan mutum shi ne marigayi Malam Isyaku na unguwar Ainu Shams, kuma da keke ya fita neman.

Na ce da keke, ban ce a kan keke ba. Ku da kuka zauna da mu kun san bambancin. Malam ba ya hawa kekensa a hanyar da mota ke bi. Turawa yake yi, hannu ɗaya a kan keken, ɗaya riƙe da gefen jallabiya. To a Alƙahira ko lungun da kyanwa ke shiga a karkace sai ka tarar mota ta riga ta, don haka duk shekarun da na yi ɗaki ɗaya da shi, a cikin gari ban taɓa ganinsa bisa sirdi ba. Masu shagunan layinmu Ammu Agala suke ce masa, wato Baba Keke. Mai facin taya na bakin layin ya taɓa kai mini ƙararsa, wai a duk Masar keken Malam ne kaɗai takalmin mai shi ke riga tayarsa cinyewa.

Ga waɗanda suka zo daga baya, ga asalin maganar. Malam ya zo yin digiri na biyu, kuma kundinsa a kan hukuncin matafiyi ne, musamman sallar kasaru, rangwamen nan da aka yi wa mai doguwar tafiya ya mayar da raka'a huɗu biyu. Babin a kansa yake kamar sunansa. Amma ya yi wa kansa alkawari ba zai miƙa kundin ba sai ya yi kasaru sau ɗaya a tafiyar da ƙafafunsa suka wahala a kanta, a hanyar da ba mota.

Na ce, "Malam, ai ka yi kasaru ranar da ka zo a jirgi."

Ya ce, "Na yi, Auwalu, kuma ta inganta. Amma ina kishingiɗe cikin sanyi, wata baiwar Allah na tambayata kaza ko kifi. Ji na yi kamar na karɓi sadaka da ƙoshi."

Sharuɗɗan kasaru biyu ne suka shafe mu: niyyar doguwar tafiya, da wuce gidajen gari. Niyya kam Malam na da ita har ta yi masa yawa. Gidajen ne suka ƙi wucuwa. 'Yan ajinmu sun yi ta gaya masa cewa da zarar ya haye kogi ya fita daga Alƙahira, ko hukuma ma ta kafa allo. Ya ce hukuma allo ta sani, shi kuwa bango yake bi. In bango na jingine da bango, gari ɗaya ne, ko da sunansa goma.

Karon farko da ya ja ni, ni ma da nawa keken, arewa muka nufa, ta gaɓar wani magudanar ban-ruwa da Misrawa ke kira tir'a. Hanyar ƙasa ce tsakanin ruwa da gonaki, ba kowa sai jakuna da mata masu wanke tukwane. Nan na fara ganin Malam a kan keke, kuma wallahi ya iya! Jallabiya na kaɗawa, yana rera baitoci. A bara, in ji shi, ya gano gidan ƙarshe, har ya shata masa alama da alli. Muka isa. Ga alamar nan daram, ga kuma benaye uku na jan bulo a bayanta, ƙarafa tsaye a samansu suna jiran wani hawan.

Mai gidan na zaune a ƙofa yana shan shayi. Malam ya yi masa sallama cikin Larabcin littafi, irin wanda in ka yi wa Bamisire sai ya gyara zama yana zaton huɗuba za a fara.

"Ya Hajji, ina ƙarshen garin nan?"

Mutumin ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ya Shehu. Bara a nan yake. Sai yaran suka yi aure."

"'Ya'ya nawa suka rage maka?"

"Huɗu, alhamdu lillahi."

Malam ya juyo gare ni ya ce da Hausa, "Auwalu, arewa ta rufe. Mu koma."

Sai kuma fitinar tuktuk, wanda a gida muke ce wa a-daidaita-sahu. Ya fara shigowa hanyoyin gona, tilas Malam ya fitar da matsaya: mota ne ko ba mota ba ne? Mako guda ana zama a ɗakinmu. Masu kamanta shi da keke suka ce ƙafa ɗaya ya fi keke. Masu kamanta shi da mota suka ce ƙafa ɗaya ya gaza mota. Hujja ta yi kunnen doki. A ƙarshe Malam ya yi gyaran murya ya yanke: in ya wuce shiru, ɗan'uwan keke ne, in ya danna hon, mota ne, sai a sauka a tura. Muka yaba adalcin hukuncin. Har Malam ya bar duniya ba a samu tuktuk ɗin da ya wuce shiru ba.

Sau ɗaya ya kusa dacewa. Mun samu giɓi tsakanin wasu ƙauyuka biyu, bango ya rabu da bango, azahar ta yi. Malam ya yi alwala a bakin famfon gona yana murmushi shi kaɗai. Ya ɗaga hannu ke nan zai kabbara, sai ga wani tsohon manomi ya fito daga cikin masara.

"Haram, ya Shehu! Baƙo ya yi salla shi kaɗai a gonata? Yalla, zo mu yi tare, jam'i ya fi lada."

Kafin Malam ya gama haɗa jimlar bayani da Larabcinsa mai cikakken wasali, tsohon ya shige gaba ya kabbara. Kun dai san hukuncin matafiyin da ya bi mazaunin gida. Huɗu cif muka yi, tsohon kuwa mai dogon ruku'u ne.

Muka ce to, ga la'asar nan tafe. Tsohon ya rantse sai mun ci abinci a gidansa. Muna tafe a ƙasa muna hira, sai ga motar ɗaukar kaya ta maƙwabcinsa ta wuce mu, kekunanmu kwance a bayanta. Karramawa ce aka yi mana don kada mu wahala da turi. Malam ya tsaya cak yana kallon kekensa har ya sha kwana.

"Khalas, shi ke nan," in ji shi. "Tafiyar ta ɓaci. Keken ya hau mota."

"Malam, ai ba kai ka hau ba."

"Tare muka ɗaura niyyar."

Shekaru suka yi ta tafiya. Muka gama namu karatun, wasu suka koma gida, ni na samu aikin koyarwa na tsaya. Kundin Malam na cikin akwati ƙarƙashin gado, an buga shi an ɗinke, shafin ƙarshe kawai ya bari fari. Malamin da ke duba masa aikin ya yi ritaya, aka ba shi wani, shi ma furfura ta cim masa. Duk wanda ya tambaye shi yaushe zai miƙa, sai ya ce saura raka'a biyu.

A sanyin da ya wuce ya kira ni. Ya rame, numfashinsa ya gajarta. Ya ce kudu za mu gwada. Tun ranar Alhamis ya tura keken zuwa unguwar Dokki, wurin wani abokinsa mai gadi, don mu rage hanya. Muka fita da sassafe, muka bi gaɓar ruwa ta cikin gonakin dabino. Yana tuƙi kaɗan, ya huta da yawa. Duk sallar da ta riske mu cikakkiya muka yi ta, domin ko'ina da ɗan gini manne da ɗan'uwansa. Da muka hango dalolin fir'aunoni na Dahshur, ya nuna mini wadda ta lanƙwashe a tsakiya.

"Ka ga wannan? Magininta ya sauya niyya ana cikin tafiya. Shi ma ba shi da kasaru."

Gaba kaɗan sai gine-ginen suka yanke. Haka kawai. Hagu kore shar har bakin ruwa, dama yashi har inda ido ya tsaya. Malam ya sauka ya duba gabas ya duba yamma, ya ƙara tafiya don kore shakka, sannan ya jingine keken a jikin dabino. Rana ta yi ƙasa. Ya ce in tsaya nesa, in kuwa na hango manomi, in tare shi da kowace irin hira. Na tsaya gadi. Ban taɓa ganin mutum ya yi salla da nutsuwa irin wannan ba. Da ya sallame gemunsa a jiƙe yake.

"Auwalu, ka shaida. Yau na yi salla ina matafiyi."

Na ce na shaida. Ya yunƙura zai tashi, ƙirjin ya ƙi. Ya daɗe dafe da shi, sannan ya ce a hankali, "Mu juya." Wani mai amalanken jaki ya kai mu bakin titi, daga nan sai asibiti. Kwanansa tara a can ya cika.

Allah ya jiƙan Malam Isyaku. Ya Ubangiji, baƙonka ne, ya rasu nesa da gida yana neman sauƙin da ka yi wa bayinka. Ka sauƙaƙa masa wannan tafiyar, ka yalwata masa masauki, ka sa ya huta. Amin.

Sallar da na shaida ɗin ta magariba ce. Raka'a uku ce a gida, uku ce a hanya.