Ramin da Muka Toshe Kafin Asabar

Ina kan keken ɗinki, allura a bakina, yayan ƙawata ya kira ni. Ya ce Mai Tsani ta cika ɗazu, a kan gadonta, a ɗakinta. Na ce ya maimaita min na ƙarshen. Ya ce a ɗakinta. Sai a lokacin kuka ya zo min.

Shekara talatin muna ƙawance. Ana ce mata Mai Tsani ne domin ba ka ganinta sai da tsani a kafaɗa, gaban rigarta fari fat da ƙura. Sana'arta gyaran bangon cikin gida, irin na allon nan mai takarda a jiki, wanda hannun ƙofa ma kan fasa shi. Da ta fara, magina sun yi ta dariya, wai mace da cokalin shafe. Daga baya su ne ke kiranta ta rufa musu asiri in sun ɓata aiki.

Da ciwon zuciya ya kama ta har ta faɗi, Yaya ya ce ta tattara ta koma gidansa. Ta ce ɗakin da ta shafe kowace kusurwarsa da hannunta ba za ta bar shi tana numfashi ba. Suka ja, suka ja, har suka tsaya a kan magana ɗaya: ranar da ta sake faɗuwa, zai ɗauke ta ba gardama.

Wata Talata jiri ya ɗebe ta a hanyar banɗaki, gwiwar hannunta ta huda bango, rami kamar bakin kofi. Ga Yaya zai zo Asabar. Ta kira ni. Na ce mu jingina kujera a wurin mana. Ta harare ni, ta ce tunda take ba ta taɓa ɓoye rami ba, toshewa take yi.

"Hannuna ya ƙi, amma naki yana nan. Ɗauko jakata, tela."

Tana zaune da kumburarren hannu tana ba da umarni. Na yanke bakin ramin ya zama kusurwa huɗu, na zura ɗan katako ta baya na ɗaure da sukuru, na yanko guntun allo daidai wurin. Ta ce ai faci ne, kullum ina yi wa wandon mutane. Wajen shafe na kwafsa: na lafta kwaɓin da kauri don mu gama da wuri. Ta sa na kankare shi tas. Shafe uku ne, ta ce, kowanne siriri, kowanne sai ya kwana ya bushe. Laraba, Alhamis, Juma'a. In na goge da sanfefa, takardar nan mai kaushi, sai ta kwantar da tocila a jikin bangon, hasken ya tona duk wani tudu. Domin kada sabon fenti ya nuna wurin, bangon gaba ɗaya ta sa na fente.

Yaya na shigowa ya ja hanci, ya tambayi warin me yake ji.

"Fenti ne, Yaya. Ka taɓa ganin mara lafiya na fenti?"

Ya dubi bangon, ya dubi dogon hannun rigarta da ya rufe kumburin, ya dubi farcena da farin bai gama fita ba. Sannan ya ce kalar ta yi kyau, ya nemi ruwan sha.

Wata biyar ta ƙara a ɗakinta. Yanzu matar Yaya na cewa da tana wurinsu da an kai ta asibiti da wuri. Ta yi ta faɗa. Ni na riƙe cokalin, kuma ko gobe aka maimaita zan riƙe.

Kwana biyu kafin rasuwarta na je. Zan tafi ke nan na same ta tsaye, ido rufe, tana shafa wurin da tafin hannu.

"Tela, akwai ɗan tudu a nan."

"Haba ƙawata, wa zai gani?"

"Ni na ji shi. Ki zo da sanfefa ran Litinin."

"To, shugaba."

"Sabuwa fa. Kar ki kawo min waccan da kika cinye."