Sau Ɗaya Aka Tambayi Baba

Mahaifina tsohon soja ne, amma a duk unguwarmu ta Sintali a Jalingo babu wanda ya taɓa jin labarin yaƙi daga bakinsa. Ni ce 'yarsa ta fari, mu kuwa Fulani ne, don haka bai taɓa kiran sunana ba ko sau ɗaya. "Ke" nake a wurinsa, in yana magana da wani kuma "yarinyar nan", har na haifi 'ya'ya huɗu. To mutumin da kunya ta hana shi furta sunan 'yarsa, ina zai iya buɗe baki ya ce ni na yi kaza a fagen fama?

A bakin Saje na ji labarin. Saje abokinsa ne tun suna kurata, ɗan ƙabilar Mumuye, Kirista, yana noman doya a wani ƙauye bayan Sunkani. Duk shekara in an fara haƙar doya sai ga shi da kaya ɗaure a bayan babur, ya zauna a ƙofar gidanmu ya cika layi da murya. Shi ya gaya mana cewa lokacin da aka tura su yaƙi wata ƙasa ta bakin teku, an yi musu kwanton ɓauna a kan wata gada, aka harbi shi Sajen a ciki ya faɗi. Baba ya koma cikin ruwan harsashi ya saɓo shi. Ya ajiye shi, ya koma ya ɗauko wani. A komawa ta uku ne harsashi ya same shi a cinya.

"Wannan baba naki," in ji Saje da irin Hausarsa, yana nuna Baba da ɗan yatsa, "shi ya sa ni ina cin doya yau. Oga namu ya ce za a ba shi lambar yabo. A gabana ya faɗa!"

Baba ko ɗagowa bai yi ba, carbinsa yake ja. "Ba komai," ya ce. "Sha ruwa, Saje."

Lambar ba ta zo ba. Ogan da ya yi alkawarin a can ya rasu, kafin takardar ta bar hannunsa. A ɗan littafin sallama da aka ba Baba ranar da ya bar aiki akwai gurbin lambobin yabo, akwai na rauni a bakin daga. Duka biyun layi aka ja musu. In ka bi takarda, ɗingishin da yake yi daga gida ya zo da shi.

Na daɗe ina zaton abin bai dame shi ba. Ashe ni ce ban iya kallo ba. Ranar da ake tunawa da 'yan mazan jiya, tun da safe yake goge rigarsa da kansa, ya hana kowa taɓa dutsen gugar. Wata shekara na raka shi. Tsofaffin sojoji suka jeru, lambobi na ƙara a ƙirjinsu, shi kuwa ya ja baya ya tsaya a ƙarshen layi. Sai wani mai shirya kujeru ya dube shi ya ce, "Baba, kai ma ka yi yaƙi ne, ko rakiya ka zo?" Wallahi sai da na ji jini ya hau mini ka. Na buɗe baki zan wanke mutumin nan tas, Baba ya yi mini wani kallo, na haɗiye. A cikin keke, muna komawa gida, na ga yana shafa saman aljihunsa na hagu, daidai inda ake maƙala lamba. Daga wannan shekarar bai sake zuwa taron ba, kuma ya daina goge rigar.

A nan na yi rantsuwa sai an gyara littafin nan kafin ya bar duniya. Ba maganar kuɗi ba ce. So nake a rubuta abin da ya yi a gurbin da aka ja wa layi, ya gani da idonsa.

Na fara rubuta wasiƙu zuwa hedikwatar sojoji. Na yi hoton littafin, na yi na katin shaida, na yi rantsuwa a kotu, na aika. Shiru. Na sake aikawa, aka ce lambar aikinsa ba ta fito sosai ba. Na sake, aka ce wanda ke riƙe da fayil ɗin an canja masa wurin aiki. Ƙanena ya ce in haƙura, tunda mai abin ma bai ce komai ba. Na ce masa in ba zai taya ni ba ya rufe mini baki. Baba yana ganin shige da ficena, bai ce yi ba, bai ce bari ba. Amma duk ranar da na shigo gidan da ambulan a hannu, sai ya kashe rediyo.

Ga laifina, don kada in ɗora wa kowa shi. Wata ƙawata ta ba ni shawara in je in ɗauki maganar Saje a waya, in rubuta, ya sa hannu. Na ce ai Saje yana nan daram, in an sa rana shi da kansa zai zo ya cika musu ofis da murya. Sunkani da Jalingo wace tafiya ce? Haka na yi ta cewa gobe, jibi. Damina ba ta ƙare ba ɗansa ya kira ni ya ce ɓarin jikin tsohon ya shanye. Na je na same shi kwance a kan tabarma, baki ya karkace. Ya gane ni, ya riƙe hannuna, ya yi ta ƙoƙarin magana, yawu ne kawai ke zuba. Da na sani ƙeya ce, na yi kukana a kan hanya na dawo.

Bayan haka ne amsa ta zo: wani kwamiti zai zauna a Jalingo ya saurari masu irin wannan ƙorafi, kowa ya zo da kansa. Shaida ɗaya ta rage mana a duniya, bakin Baba.

Kwana uku ina koya masa kamar ɗan makaranta. "Baba, don Allah don Annabi, in sun tambaye ka, ka faɗa. Gada, mutum uku, harsashi a cinya. Ka nuna musu tabon." Ya ce to. Na sake maimaitawa, ya ce, "Na ji, ai ba kurma ba ne ni." Ranar da za mu je, da kansa ya ɗauko rigar nan ya goge.

A ƙofar ɗakin aka tare ni, wai mai ƙorafi kaɗai ke shiga. Na yi magiya, na ce tsoho ne, na ce ni na rubuta duk takardun. Ina! Na zauna a benci ina kallon ƙofa. Ko shayi ba a gama sha ba a lokacin da ya ɗauka a ciki. Ya fito yana ɗingishi, na tare shi.

"Baba, yaya?"

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Mutanen kirki ne."

Sai da aka yi watanni wasiƙa ta zo. Da Turanci take, na karanta a tsaye a tsakar gida, na sake karantawa don na ɗauka idona ne. Wai mai ƙorafin da bakinsa ya shaida wa kwamiti cewa babu abin da ya faru, don haka ba za a canja komai a littafinsa ba. An haɗo da takardar tambayoyin. Tambaya uku, a gaban kowacce an rubuta kalma ɗaya wadda ma'anarta ita ce babu. A ƙasa ga sa hannun Baba.

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Allah ya yafe mini. Na same shi a zaure na ce, "Baba, me ka gaya musu? Me ka gaya wa mutanen nan?"

Ya kashe rediyo. A hankali ya ba ni labari. Hafsan da ke tambayar ba ɗan nan ba ne, Hausarsa ta bariki ce. Ya ce masa, "Baba, sun harbe ka a wurin?" Baba ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe." Ya ce, "Kai ya ɗauka mutane a gada?" Baba ya ce, "Ba komai, ai aiki ne." Ya ce, "Akwai abin da kana so mu yi maka?" Baba ya ce, "Ba komai." Hafsa ya rubuta, ya miƙo masa biro, ya yi masa godiya.

"Tabon fa?" na ce. "Ba na ce ka nuna musu ba?"

"Akwai mace a cikinsu. Sa'arki ce. In kwance wando a gabanta?"

Na dafe kai. Na ce, "Haba Baba! Haba! Shekara nawa ina wannan wahala, ka shiga ka rushe ta da fulako?"

Ya ce, yana kallon tabarma, "Na ɗauka zai sake tambaya."

Na san abin da yake nufi, a cikinsa na tashi. A rugar da aka haifi Baba, in ka je baƙunta aka kawo maka ƙwaryar nono, ko yunwa za ta kashe ka sai ka ce ka ƙoshi. Mai gida ya san ƙarya kake, sai ya sake tayi. Ka sake ƙi. A na uku ne za ka miƙa hannu, mutuncinka da nasa duk sun tsira. Wanda ya karɓa a tayin farko ba shi da tarbiyya, wanda ya yi tayi sau ɗaya ya janye ƙwarya kuwa marowaci ne. Baba ya shiga ɗakin nan da labarinsa a shirye, yana jiran tambaya ta biyu da ta uku. Shi kuma hafsa takarda ce a gabansa, kowace tambaya da gurbi ɗaya. Ya ji "ba komai", ya rubuta babu. Ba mugunta ya yi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, don ban ma sami wanda zan tsine wa ba.

Ban haƙura ba. Na rubuta dogon bayani a kan abin da "ba komai" ke nufi a bakin dattijo irin Baba. Ina rubutawa ina jin kaina kamar mahaukaciya, wai ni ce ke fassara wa gwamnati kunya. Aka amsa cewa da hannunsa ya sa hannu, sai dai in akwai sabuwar shaida. Na kai shi asibiti, likita ya duba, ya rubuta cewa tsohon tabo ne mai kama da na harsashi, amma ba zai iya cewa a ina ko yaushe aka same shi ba. Ina cikin wannan Saje ya rasu. Muka je jana'iza, Baba ya zauna a wajen coci a ƙarƙashin bishiya har aka gama. Da muka tashi tafiya matar Saje ta sa aka ɗaura mana doya, ta ce haka mijinta zai so.

Wasiƙar ƙarshe da hantsi ta zo, lokacin Baba ya riga ya kwanta ciwo. Layi biyu ce: an rufe maganar. Na so in ɓoye, amma ya ga ambulan, ya miƙa hannu ya kashe rediyo. Na zauna a bakin gadon na fassara masa.

"Ba komai," ya ce.

Da a da ne, da na tashi na fita ina huci. Ranar sai na zauna.

"Baba, da gaske ba komai?"

"Ba komai. Haka Allah ya so."

Na jira kaɗan. Sannan na ce, "Baba, abin bai dame ka ba?"

Ya juya fuska bango. Na ga kafaɗarsa tana rawa. Tun da nake ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da muka binne mahaifiyata.

"Da komai," ya ce. "Wallahi da komai."

Sai ya fara. Ya gaya mini yadda gadar take, da ƙarfen da ya riƙe ya ja jiki, da nauyin Saje a kafaɗarsa. Ya ce na ukun da ya ɗauko yaro ne sabon aure, a bayansa ya cika, amma bai sani ba sai da ya sauke shi. Ya ce ba ƙarfen da ake maƙalawa a riga yake so ba. So yake a ce akwai wata takarda a wani wuri da ta san an yi ranar nan, don yanzu Saje ya tafi, in shi ma ya tafi shi ke nan, kamar ba a yi ba. Ya yi ta magana har aka kira azahar. Duk abin da kwamiti ke nema ya faɗa, dalla-dalla, ba gargada. Ba kowa a ɗakin sai ni, ni kuwa ba ni da hatimi.

Bai kai damina ba. Malamin da ya yi masa wanka ya fito ya ja ƙanena gefe ya ce, "Ashe tsohon nan an taɓa harbinsa?" Shekara da shekaru suna sahu ɗaya a masallaci.

Littafin yana wurina, a cikin akwatinsa na ƙarfe, tare da rigar. Sau da yawa nakan buɗe shafin in ɗauki biro, in ce bari in rubuta da kaina a kan layin nan, wa zai hana ni? Sai in ajiye. Ba rubutuna ya yi ta jira ba.