Kunnen Ƙanena

Jiya wata tsohuwar mota ta wuce ta ƙofar gidana tana kyat-kyat-kyat, sai tunani ya mayar da ni unguwar Dabokpa, gindin darbejiyar da babanmu yake gyaran motoci. Fita ne shi, kamar yadda muke kiran makanike a Tamale. Yana da wani dogon sukudireba da yake kafa bakinsa a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Ya koya mana cewa ƙarar bawul a jere take tafiya kamar keken ɗinki, amma injin da fulogi ɗaya ya daina ba shi wuta ɗingishi yake.

Ni ne babba, amma ƙanena ne mai kunne. Tun mota na kan hanya zai faɗi ciwonta, Baba ya shafa kansa. Ni kuwa duk inji hayaniya ne. Ba zan ɓoye maka ba, na ji haushin yaron nan, kuma kullum tsorona kada sukudireban ya zama nasa.

A damunar shekarar da muka samu 'yancin kai aka kawo wata lori mai sabuwar tuta a goshi. Da Baba da ƙanena suka shiga cin tuwo, na lallaɓa na musanya wayoyin fulogi biyu, don in ga yadda gwani zai ji kunya. Aka tayar, lorin ta hau tari da harbi. Ƙanena ya ɗan saurara.

"Baba, ba bawul ba ne. Wani ya juya waya, na biyu da na uku."

Yaron ko kallona bai yi ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Da la'asar Baba ya miƙo mini sukudireban. Na karɓa ina washe baki, sai ya ce, "Riƙe, kai ke bukata. Ƙanenka yana ji ba da shi ba." Hassada ga mai rabo taki ce, ni kuwa na zuba masa da yawa.

Yau yara na'ura suke jonawa, ta rubuto musu ciwon mota. Ƙanena ya tsufa a unguwar Bulpiela, ya kurmance, kuma Allah ya yafe mini, na ɗan ji sanyi. Kwanaki jikana ya kai ni wurinsa a motarsa mai gardama. Ƙanena ya fito yana dogara sanda, ya ɗora tafin hannu a bonet inji na aiki, ya jira.

"Yaya, fulogi na huɗu ba ya kama wuta."

Jikana ya duba, haka ne.