Allurar Kawu Mai Fenti

Kawu mai fenti, ƙanin mahaifiyarmu, bai san ƙaramin abu ba. Tun yana saurayi yake zanen allunan shaguna, kuma in mai aski ya ce a zana masa kai ɗaya, sai ya tarar da kawuna biyar da madubi da kujera. Shagonsa ɗan tsukuku ne, gwangwanayen fenti har bakin ƙofa, tsani a jingine. Da masu bugawa da inji suka cika gari, tsanin nan ya daina motsi. Kawu bai taɓa kuka da kowa ba, amma muna ganinsa yana wanke buroshin da bai yi aiki ba.

Ana nan sai yayata ta haɗa manhajar waya da teloli za su riƙa ajiye awon mutane a ciki. Ta ce Kawu ne zai zana tambarin, wato ɗan hoton da ake dannawa a buɗe ta. Abokan aikinta suka ce to, in bai yi ba a nemi wani.

Allon da Kawu ya kawo sai da mutum biyu suka kama masa. Ga keken ɗinki, ga tela da tabarau, ga mata suna jiran kaya, har da kyanwa.

Yaya ta ce, "Kawu, kyanwar fa?"

"Shagon tela babu kyanwa? Ke dai yarinya ce."

Ta ɗauki hoton allon, ta rage shi daidai farce, ta miƙa masa wayar. Ya matso da ita, ya nisanta.

"Wannan ai ƙuda aka murƙushe."

"Aikinka ne, Kawu."

Matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ranar ko abincin kirki bai ci ba.

Washegari ya jingina allon a ƙofar shago, ya yi ta ja da baya a titi, masu babur suna yi masa tsawa, har allon ya koma kamar farce. Duk abin da ya ɓace wa idonsa, sai ya dawo ya shafe. Kyanwa ce ta fara tafiya, matan suka bi ta. Da ya zo kan telan kuwa, sai da ya ce, "Yi haƙuri, malam." Daga ƙarshe allura ta rage, da jan zare a lanƙwashe.

Abokan aikin Yaya suka amince, manhaja ta fita. Telan da ke maƙwabtaka da Kawu ya nuna masa tambarin allurar a waya. Kawu ya daɗe yana kallo, ya goge ido da bakin riga, sai kuma ya haɗe rai, ya kira Yaya.

"'Yar nan, kafar allurar ta ɗan karkace. Mutum nawa suka sauke abin a wayarsu?"

"Suna da yawa fa, Kawu."

Ya zaro siririn buroshinsa.

"To, ki gaya musu kowa ya kawo wayarsa gobe da safe. A bi layi."