Ranar da Muryar Baba Ta Fita Gona Ba Tare da Shi Ba

Ko da zan manta da ranar ɗaurin aurena, ba na jin zan manta da wata gayya da aka yi a bayan garinmu, Giwa Tazo, lokacin ina budurwa. Har yau in ta faɗo mini a rai sai in ji abinci ya fita daga kaina.

Mahaifina mawaƙin noma ne. A zamaninsa, in ya rataya gangar noma ya buɗe baki, mutanen ƙauyen gaba sukan san yau akwai gayya. Muryarsa ba mai zaƙi ba ce, rugugi ce irin ta hadari, mai sa ƙato ya manta da ciwon baya. Amma ni ban riski wannan ba. Na tashi na tarar da tsoho mai tari, muryarsa ta dushe, 'yan amshinsa duk sun rasu, kuma an daina zuwa ɗaukarsa. Duk da haka kowace damina sai ya sauko da gangar ya gyara mata tsirkiya, ya jingine ta a zaure, ko wani zai aiko.

A lokacin akwai wani saurayi da ke nemana, ɗalibi ne a jami'ar Aliero. Ni kuwa littattafan soyayya sun gama cika mini kai, duk abin da ya faɗa sai in ji kamar daga shafi ya karanto shi. Yana da wata ɗabi'a da ke ba ni dariya: son waƙoƙin Turawa masu ƙarar jita da ihu kamar ana rushe gida. Wata rana da ya zo gaishe da Baba, sai ya nuna masa hoton wani tsohon mawaƙinsu a waya, mai gashi har kafaɗa, ya ce an tattara fitattun waƙoƙinsa na tsawon rayuwa a faifai guda, duniya ta sake tunawa da shi.

Baba ya ƙura wa hoton ido ya ce, "Wanga mace ce ko namiji?"

Da aka kunna masa waƙar kuma ya ce, "Subhanallahi, ciwon ciki gare shi?" Muka yi ta dariya. Amma can sai na ga ya karkata kunne. Ya ce, "A'a, ku bari. Wanga ya san aiki. Daga cibiya yake ɗauko ta."

Saurayin nawa ya ce, "Baba, ai irin muryarku guda. Ku ma a yi muku haka."

Haka aka fara. Ya bi masu tsofaffin kaset a kasuwar Jega, ya shiga ƙauyuka har Kashin Zama, yana roƙon tsofaffi su ara masa waƙoƙin Baba da suka ɗauka da rediyo a da. Ya zaɓi waɗanda suka fi zafi, ya wanke ƙarar da ke cikinsu, ya zuba a memori. Ni kuwa na riga na rubuta ƙarshen labarin a zuciyata: Baba zai koma kan ganiyarsa, mutane su yi ta tururuwa a ƙofarmu, ni kuma a kai ni gidan jarumin da ya share mana hawaye.

Waƙoƙin suka bazu a wayoyi. Da damina ta kankama, sai ga saƙo daga wani babban manomi a garinmu: yana gayya, yana son Baba. Ban taɓa ganin mahaifina cikin irin wannan murnar ba. Ya sa aka wanke masa tsohuwar rigarsa. Sai dai kowa ya san muryar ba za ta kai ba, shi ya sa saurayina ya kawo shawara a ɗauko lasifika mai batir a ajiye a bakin gona, Baba ya rataya ganga ya tsaya kusa, yana bin waƙar da baki.

Baba ya ce, "In yi ta motsa baki kamar akuya tana tuƙa?" Amma ya yarda, don ya gaji da zaman zaure.

Da hantsi na je gonar cikin 'yan mata masu kai fura. Samari sun jeru da hauyoyi, gero ya kai gwiwa. Aka kunna. Muryar ta cika gonar, ƙasa ta fara tashi, 'yan mata suka rangaɗa guɗa. Na dubi saurayina, ya dube ni, na ce a raina yau littafi ya zama gaskiya.

Abin da ba mu yi tunani ba shi ne, waƙar noma kira ce. Mawaƙi yana duban wanda ke gabansa ne, ya ambaci sunansa da na ubansa, ya zuga shi ya wuce na kusa da shi. Muryar da ke cikin lasifika kuwa mutanen zamaninta take kira. Ta kira wani gwarzo ta ce ya taso ya kama hauya, alhali ya daɗe a kabari. Ta kira wani, shi ma haka. Sai ta kira mahaifin mai gayyar, wanda bai daɗe da rasuwa ba. Na ga mutumin ya juya baya yana share fuska da hularsa. Hauyoyi suka fara sanyi.

Wani ƙato da ke kan gaba, gumi na zuba a jikinsa, ya miƙe ya ɗaga murya cikin raha ya ce, "Baba, matattu sun gama nasu noman! Ga mu nan gabanka, mu ka kira mana!"

Baba ya ɗaga hannu, aka kashe lasifikar. Ya gyara ratayar ganga, ya buga, hannun nan yana nan yadda yake. Ya dubi ƙaton, ya cika ƙirji da iska, ya buɗe baki. Abin da ya fito bai wuce kukan ƙofar da ta yi tsatsa ba. Ya sake gwadawa, ya samu ya fitar da rabin sunan, sannan ya dakata kamar yadda ya saba, yana jiran amshi. Ya ma waiga bayansa. Babu kowa a wurin sai ni da ƙwaryar fura. Daga nan tari ya sarƙe shi.

Babu wanda ya yi dariya, kuma da ma an yi, da ya fi sauƙi. Sai wani dattijo ya ce a hankali, "Allah shi ba ka lafiya, Malam. Yaro, maido muna waccan, rana tana yi."

Aka mayar. Samari suka duƙa, aiki ya ci gaba, har ma ya fi na farko sauri. Baba ya sauke gangar ya zauna a gindin wata bishiya, yana kallon ana noma da muryarsa. Na kai masa fura, bai karɓa ba. Ya ce, "Ɗiyata, kin ji yaron can da ke waƙa cikin lasifika? Ya kore ni."

Bai sake taɓa ganga ba har ya bar duniya. Masu gayya suka gane lasifika ba ta tari, ba ta gajiya, ba wanda ya ƙara aikowa. Saurayin nan shi ne mijina yau, mutumin kirki ne, da zuciya ɗaya ya yi abin da ya yi. Amma in muka shiga Jega muka ji muryar Baba tana tashi daga shagon masu tura waƙoƙi, ba ma duban juna.

Abin da na koya shi ne, in ka tattara mafi kyawun abin da mutum ya yi ka ajiye a gabansa yana raye, kana iya gaya masa cewa ya ƙare ba tare da ka sani ba. Mu duka mun so mutumin da Baba ya taɓa zama. Wanda ke zaune a zaure kuwa, babu wanda ya tambaye shi abin da ya rage masa.