Gaisuwar da Ta Kusa Cinye Mini Ƙoda

Na daɗe ban ce komai a nan ba, kuma ba don ban ga abin da kuke rubutawa ba ne. Na gani. Har hotona na gidan makoki da kuka riƙa yawo da shi a rukunin dangi na waya, na gani. Yau na samu ƙarfin ba ku amsa.

Ga wanda bai san ni ba: ɗinki nake yi a Tanut inda nake aure, amma ƴar Tenhiya ce ni, can mahaifiyata da dangina suke.

Da gaɓoɓi abin ya fara. Da safe yatsuna su ƙi riƙe almakashi. Gwaggo Mariya, ƙanwar babana, ta ce sanyin ƙashi ne, in riƙa zama cikin rana ina gasa jiki a kan rairayi mai zafi. Na bi maganarta. Duk ranar da na gasa, da yamma zazzaɓi ya rufe ni, wani kurji mai zafi ya shimfiɗu a kumatuna ya haye karan hanci. Gashi ya fara bin mataji, baki duk miki.

A asibitin Tanut an ba ni maganin zazzaɓin sauro har na gaji, sannan aka tura ni Damagaram. A ɗebi jini, a auna fitsari, a sake ɗiban jini, wani ma sai da aka aika Yamai. Kafin sakamako ya fito maigidana ya sayar da tumakinsa.

Lupus ne.

Lokotoro, wato likita, ta ce: "Garkuwar jikinki ce ta juyo tana yaƙar ki. Ba a ɗaukarsa, ba ya rabuwa da mutum, amma ana kwantar da shi. Rana ke tayar da shi. Ki guje ta."

A ce wa ƴar Damargu, yankinmu mai zafin rana, ta guji rana. Na yi dariya, sannan na yi kuka.

Na koma ina shan ƙwayoyina, ina shafa man kariya daga rana, ina rufe fuska, ina riƙe lema. Kurjin ya kwanta, ya bar tabo, wani wuri baƙi wani wuri fari. Nan kuka samu abin faɗa: wai man ƙara haske ne ya ƙona ni.

Sai Baba Sani, yayan babana, ya rasu a Tenhiya. Ban je ba, na yi gaisuwa ta waya. Gwaggo ta saka murya a rukunin dangi kowa ya ji: "Zumunci a ƙafa yake, ba a waya ba. Mu da ke noma cikin ranar nan narkewa muka yi? Ta ɓata fuskarta da shafe-shafe, kunya ce ta hana ta zuwa."

Maganar ta ci ni. A ce na yar da dangina, wannan ban iya ɗauka ba. Maigidana ya hana ni, na ƙi ji, na shirya zuwa sadakar arba'in.

Motar kasuwa na samu, mai buɗaɗɗen baya, gaba kuma na dattawa ne. Iska ta karya lemar tun ba mu yi nisa ba. Taya ta fashe a inda babu itacen da akuya za ta raɓa.

Na isa fuskata kamar an zuba mata barkono. Na shige ɗaki, Gwaggo ta biyo ni: "Fito ki gaida mutane. Kuma cire wannan abin, a gidan mutuwa ba a rufe fuska kamar amarya." Na cire, na zauna a tsakar gida saboda rumfa ta cika. A nan wata daga cikinku ta ɗauke ni hoto. Na san ko wace ce.

Ban daɗe da komawa ba ƙafafuna suka kumbura, fitsarina ya riƙa kumfa. Ciwon ya taɓa ƙoda. Aka kwantar da ni a Damagaram, ga ƙarin ruwa, ga allura, ga awo kullum safiya. Na ji tsoron mutuwa. Na ji tsoron a ce sai wankin ƙoda, abin da ba mu da halinsa.

Ƙafar da zumunci ke cikinta kuwa ba ta san hanyar Damagaram ba. Babu wanda ya leƙo daga cikinku, kuna can kuna tura hoto.

Alhamdulillahi ƙodar ta lafa. Na koma kan keken ɗinkina, gashi yana tsirowa. Fushin dai bai lafa ba, kuma ba zan ɓoye ba.

Ga mai irin lalurata: kurjin da ke tashi bayan an sha rana tare da ciwon gaɓoɓi, a je asibiti, kada a gasa jiki. Fita da sassafe ko bayan la'asar. Sa kaya masu dogon hannu, shafa man kariya ko da hadari ne. Kada ki bar magani don kin ji sauƙi. Ki riƙa zuwa awon fitsari da na ido. Kuma kada ki hau bayan mota don ki rufe bakin wani, ba ya rufuwa.

Na gode wa lokotoro da ma'aikatan jinya. Na gode wa maigidana, bai taɓa ce mini "ai na faɗa miki" ba.

Sai Innata. Da tsufanta da ciwon gwiwarta ta hau irin waccan motar ta zo jinyata. Ranar da za ta koma ta riƙe hannuna ta ce: "Ki ji da kyau. In tawa ta zo da rana tsaka, kada ki hau mota. Ki yi mini addu'a daga ɗakinki. Na yafe miki tun yanzu, wanda ya tambaya ki ce ni na hana ki."

To Gwaggo, kin ji tun ranar ba ta zo ba.